Kainuwa ko Albasa: Mene ne Nufin Allah ga Mutum?

Akwai wata tambaya da ke yawan fitowa daga bakin samari da 'yan mata Kirista, musamman waɗanda suka gama sakandare suna zaman jira, da waɗanda suka kusa barin jami'a. Tambayar ita ce, "Mene ne nufin Allah a kaina?" Ana yin ta a taron matasa na majami'a, ana yin ta a wurin addu'ar dare, har akwai masu wa'azin da suka mai da amsa ta sana'a. Na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan wannan ƙungiya, ko da yake yawancin masu karanta mujallarmu Musulmi ne, domin tambaya ce ta duk wanda ya yarda ba a banza aka halicce shi ba. Zan dube ta ta fuskar addinina, in kuma ɗauko misalaina daga ƙasar da na fito, watau Ngaski da Yawuri da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji.

Tun da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmomin kansu. Bahaushe yana da ƙaddara, yana da rabo, yana da nufi, yana kuma da kira. Ƙaddara ita ce abin da ya sauko wa mutum ba da shawararsa ba, kamar gidan da aka haife shi, da harshen da ya buɗi baki da shi, da ranar da zai bar duniya. Rabo kuwa kason mutum ne daga abin duniya, shi ya sa ake cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Waɗannan biyu ba sa neman kome a wurin mutum, nasa karɓa ne kawai. Nufi dabam yake. In an ce wane ya nufi Yelwa, to, ya sa gaba ke nan, yana tafe, bai kai ba tukuna. Akwai hanya a cikin kalmar. Shi kuma kira ba ya cika sai da amsawa, gama wanda aka kira yana iya cewa na'am, yana kuma iya yin kunnen uwar shegu.

Abin da na lura shi ne mun cakuɗa kalmomin nan. Saurayi zai ce maka yana neman nufin Allah, amma in ka kasa kunne da kyau sai ka ji rabonsa yake tambaya: wane ofis, wace mota, wace yarinya. Wani kuma ƙaddara yake nufi, ya naɗe hannu yana jiran abin da aka rubuta ya zo ya same shi a gindin mangwaro. In ka matsa masa sai ya kawo maka karin maganar nan, wai zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Maganar gaskiya ce. Amma a lura, zakaran ne da kansa zai tashi da asuba ya miƙe wuya ya yi caran, kuma masu amfana da caran su ne mutanen gari da ke barci.

Yanzu bari mu je bakin ruwa. A shekarar 1964 aka fara gina madatsar Kainji a kan kogin Kwara, aka gama a 1968. Da aka tare kogin sai ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, ya malale fili fiye da murabba'in kilomita 1,200, tun daga Kainji har Yelwa. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Tsohuwar Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa. A ɓangarenmu abin ya taɓa Kambari da Lopawa da Sarkawa masu su, amma babu wanda ya ji jiki kamar Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe. Sunan da Hausawa suka ba su ma daga gungu ya fito, watau tsibiri, domin a tsakiyar kogi suke zaune tun kaka da kakanni. A gefen gungunan nan suke noman rani, daga nan ne albasar Yawuri ta yi suna. Ruwa ya zo ya shafe gonaki da gidaje da kaburburan iyaye, gwamnati ta gina musu gidajen siminti a tudu ta ce su koma can.

Mai karatu ya sa kansa a matsayin magidancin da aka ɗora wa kayansa a jirgi a wannan shekara. Duk iliminsa na gungun nan ne. Ya san lokacin da farin ruwa ke zuwa da damina, jawur da laka, ya san lokacin da baƙin ruwa ke isowa da hunturu, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini ya yi watanni a hanya. Ya san inda ƙasa ke riƙe laima da inda ba ta riƙewa. In har nufin Allah a kan wannan mutum shi ne wancan gungun da waccan gonar, to, nufin ya nutse a 1968, sauran kwanakinsa kuwa ragowa ce kawai. Ni ban yarda da haka ba, kuma Littafi Mai Tsarki bai koya mini haka ba.

Akwai wasu mutane a cikinsa da irin wannan ta taɓa samu. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar Sarkin Babila ya kwashe sarkin Yahuza da fadawansa da masu sana'a daga Urushalima ya kai su ƙasarsa. A Urushalima wani mai suna Hananiya yana ta shelar cewa cikin shekara biyu kowa zai dawo gida, a can Babila ma akwai masu faɗin irin wannan magana mai daɗin ji. Sai Annabi Irmiya ya aika musu wasiƙa, wadda ke cikin sura ta 29 ta littafinsa. Abin da ya gaya musu bai yi kama da ta'aziyya ba. Ya ce zaman zai kai shekara 70, saboda haka su kwance kaya, su yi gini, su yi lambu, su aurar da 'ya'yansu. Abin da ya fi wuya, ya ce su nemi lafiyar garin da ya cinye su da yaƙi, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa.

A cikin wannan wasiƙa ce ayar nan ta 11 take, wadda matasan Kirista suka fi ƙauna, wadda ke maganar kyakkyawan shirin da Allah yake da shi domin mutanensa. Ana rubuta ta a jikin riga da kalanda da bayan mota. Amma mu da aka koya wa bambancin tilo da jam'i ya kamata mu lura da cewa da "ku" aka yi maganar, jama'a guda ake gaya wa. Mu kuma yi lissafi: wanda aka kama yana ɗan shekara 20, in ya ga ƙarshen shekara 70 ɗin nan, yana da 90. Watau yawancin waɗanda suka ji an karanta wasiƙar a Babila aka binne su. Alkawarin a kan jikokinsu ya cika. Su kuwa kasonsu na nufin Allah shi ne lambun nan da aka ce su yi, da maƙwabcin nan Bababile da aka ce su nema wa alheri. Duk wanda ya ɗauki ayar ya mai da ita takardar shaidar cewa zai sami aikin banki bana, bai karanta abin da ke sama da ita ba.

Mutanen bakin tafki, Musulminsu da Kiristansu da masu bin addinin gargajiya, yawancinsu ba su taɓa jin sunan Hananiya ba, amma shawarar Irmiya suka bi. Sun lura kowace shekara ruwan tafkin yakan ja da baya daga bazara zuwa tsakiyar damina, ya bar fili mai laima, sai suka bi shi suna shuka. Waɗansu suka koma su gadan-gadan, domin a shekarun farko kifi ya yi yawa ƙwarai kafin ya ragu. Daga baya injin ban-ruwa ya shigo, noman rani ya sake tashi, har yau kuwa ana lodin albasa a Yawuri. Ba ina cewa an yi musu adalci ba ne. Ƙauyuka da yawa da aka tasa domin a ba ƙasa wutar lantarki sun yi shekaru da aci-balbal suna hangen wayar wuta ta wuce ta kansu. Abin da nake cewa shi ne, abin da Allah ya sa a hannun manomin nan bai nutse tare da gonarsa ba.

Hausawa suna yi wa wanda Allah ya kafa kirari da kainuwa dashen Allah. Kirari ne mai daɗi, amma wanda ya girma a bakin ruwa ya san halin kainuwa. Saiwarta ba ta taɓa ƙasa, inda iska ta kaɗa nan ta nufa, yau tana wannan gaɓa gobe tana waccan. Albasa kuwa sai an yafa irinta an yi renonsa mako shida ko bakwai, sa'an nan a tumɓuke shi a kai shi fangali a dasa ɗaya ɗaya. Kwanakin farko sai ka ga ta langaɓe kamar ta mutu. Amma manomi ya san in ya bar ta cunkushe a inda ta tsiro ba za ta yi kai ba. A fahimtata, yadda addinin Kirista ya ɗauki mutum ya fi kusa da albasa. Ana iya tumɓuke shi daga inda ya saba, abin kuwa da ciwo, amma ana sa ran ya kama ƙasa a inda aka kai shi, ya yi abin da wani zai ci.

Kuskure na biyu ya shafi kalmar kira, kuma yana da tarihi. Mishan ɗin da ya fara aiki a yankinmu, wanda daga baya ya zama ikilisiyar UMCA, ya kafa tasha a Salka cikin Kambari da kuma Zuru a shekarun 1920, daga baya ya iso Yelwa. Abin da mishan ya zo da shi uku ne, majami'a da makaranta da ɗakin shan magani. Saboda haka Kiristocin farko suka tashi suna ganin aikin Allah shi ne mutum ya zama mai bishara, ko malamin makaranta, ko malamin asibiti. Har yanzu in aka ce wane ya sami kira, kowa ya san makarantar Littafi Mai Tsarki za shi. Ina girmama waɗannan bayin Allah, da yawansu sun yi aiki a ƙauyukan da ko keke ba ya shiga da damina. Amma sakamakon wannan fahimta shi ne masunci da manomi da mai tuƙa jirgi suna zaune a majami'a suna jin kamar su 'yan rakiya ne, nasu kawai su kawo baiko.

Linjila ba ta goyi bayan wannan ba. Abin da ake kira Tekun Galili tafki ne, tsawonsa bai wuce kilomita 21 ba, namu na Kainji ya ninka shi sau bakwai a faɗin fili. A bakinsa ne Yesu ya kira masunta huɗu suka bar taru suka bi shi, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Markus ya rubuta cewa Zabadi, uban biyu daga cikinsu, ya zauna a jirgin tare da 'yan ƙodagonsa, kuma babu inda aka zarge shi. A sura ta 5 ta wannan littafi kuma akwai mutumin da aka raba da aljanu a ƙetaren tafkin. Ya roƙa a bar shi ya shiga jirgi ya bi Yesu, aka hana shi, aka ce ya koma gida wurin danginsa. Ga wanda ya nemi tafiya an ce ya zauna, ga waɗanda ba su nema ba an ce su taso. Shi kansa Almasihu sai da ya kai wajen shekara 30 kafin ya fara wa'azi, mutanen Nazarat kuwa da sassaƙa suka san shi. Wannan ne Martin Luther ya farfaɗo da shi a Jamus a 1520, sa'ad da ya yi gardama cewa baduku da maƙeri da manomi ba su gaza limamin coci daraja a gaban Allah ba, kowa da aikin da yake yi wa jama'a hidima da shi.

To, ta yaya mutum zai gane nasa? Yawancin abokaina mafarki suke jira, ko wani mai wa'azi ya nuna su da yatsa a cikin taro. Misalin da Yesu ya bayar a Matiyu sura ta 25 ya isa ya tsorata mai irin wannan jira. Maigida zai yi tafiya ya ba barorinsa uku kuɗi, wani biyar, wani biyu, wani ɗaya, bai kuwa gaya wa kowa irin cinikin da zai yi ba. Biyu suka juya nasu. Na ukun bai ci ba, bai sata ba, bai yi caca da shi ba, rami ya tona ya binne don tsoron kada ya yi kuskure, shi ne kuwa aka hukunta. Abin da na ɗauka daga nan shi ne an bar wa mutum hankalinsa. Ya dubi abin da hannunsa ya iya, ya dubi abin da ya rasa a unguwarsu, ya kuma tambayi dattawan da suka san shi tun yana yawo ba wando, domin sau da yawa na waje ya fi mutum ganin baiwarsa. Inda waɗannan suka haɗu, ya fara daga nan, yana addu'a yana tafiya. Ko Bahaushe ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

A nan ne zan shiga wurin da maganar ke da nauyi, domin wanda ya fito Ngaski ba shi da ikon yin zancen nufin Allah ya tsallake shekarar 2021. Ranar 26 ga Mayu jirgin ruwa ya tashi daga ɓangaren jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150, ya dare a kan ruwa kusa da Wara, kaɗan ne suka fita da rai. Rahotannin lokacin sun ce jirgin ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, har da buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinariya. Mako uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, waɗansu daga cikin 'yan matan sun kusa shekara biyu a daji. A wurin gaisuwa abin da kowa ke faɗa, a masallaci da majami'a, shi ne haka Allah ya nufa.

Ba na raina wannan kalma a bakin uwar da ta rasa ɗa. A ranar makoki ita ce sandar da mutum ke dogarawa, wanda kuma ya fizge ta ba shi da tausayi. Amma akwai bambanci tsakanin mai makoki da mai jirgi. In wanda ya karɓi kuɗin mutum 150 a jirgin da bai kamata ya ɗauki haka ba ya ce haka Allah ya nufa, to, ya ɗauki laifinsa ya rataya wa Mahaliccinsa. Malamanmu Musulmi ma sun raba tawakkali da sakaci. A Luka sura ta 13 Yesu ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima zunubi, ya juya maganar a kan masu sauraronsa, su ne ya ce su tuba. Watau in masifa ta auku, tambayar da ta dace da mai rai ita ce me ya rage a wuyansa.

Da aka cika tafkin, itatuwa da yawa sun rage a tsaye a ƙarƙashin ruwa, kututturansu kuwa suna fasa jirage. Matuƙin da ya san inda suke, wanda ba ya tashi da dare, wanda ke ƙirga fasinja ya ce ya isa ko da ana zaginsa, wanda ya sayi rigunan kariya da kuɗin da zai iya ƙara aure da su, wannan mutum in ya tambaye ni mene ne nufin Allah a kansa, zan ce masa yana cikinsa tsundum. Rayukan da zai tsirar a shekara 30 na tuƙi ba wanda zai ƙirga su, domin jirgin da bai kife ba ba ya shiga labarai. Haka masassaƙin jirgin da ya ƙi sa ruɓaɓɓen katako, da masuncin da ya ƙi jan taru mai ƙananan ido wanda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba.

Game da 'yan makarantar Birnin Yawuri kuwa, ba zan ce Allah ya shirya abin da aka yi musu domin ya koya musu wani darasi ba. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai zaune da shi ba su ce uffan ba, sai da suka buɗe baki suna bayyana dalilin wahalarsa suka yi ɓarna, a ƙarshe kuwa Allah ya tsauta musu. Abin da addinina ya ba ni shi ne labarin Yusufu, wanda 'yan'uwansa suka sayar. Da ya sami iko a Masar bai ce musu abin da suka yi daidai ne ba, ya kira shi mugunta, sa'an nan ya nuna yadda Allah ya fitar da ceton mutane da yawa daga cikinta. Mugunta tana nan a matsayinta na mugunta, mai yin ta kuma zai amsa. Sai dai ba ita ke da magana ta ƙarshe a kan rayuwar wanda aka zalunta ba. A kan gicciye da tashin Almasihu Kirista ya kafa wannan bege.

Saura batun girma, domin masu wa'azin zamani sukan haɗa nufin Allah da abin da suke kira ci gaban mutum, ma'auninsu kuwa muƙami ne da abin hannu. Mu a sashen Hausa muna da wani ma'auni. Kirk-Greene, a ɗan littafinsa Mutumin Kirki na 1974, ya tattara halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, cikinsu akwai gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ga Galatiyawa sura ta 5, ya lissafa halaye tara, ya fara da ƙauna ya ƙare da kamun kai, haƙuri yana tsakiya. A duka jerin biyu babu sarauta, babu dukiya, babu digiri. Bambancin da na gani shi ne kirkin Bahaushe yana da alaƙa ƙwarai da idon jama'a, shi ya sa kunya da mutunci suke da ƙarfi a ciki. Bulus kuwa ya kira nasa 'ya'yan itace, abin da Ruhun Allah ke nunar da shi a hankali daga ciki, ko ana gani ko ba a gani, har ya kai mutum ga yi wa maƙiyinsa alheri. Itace ba ya 'ya'ya a shekarar da aka dasa shi, shi ya sa nake shakkar duk taron kwana uku da aka ce mutum zai fita daga cikinsa ya zama wani dabam.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce wannan ai wa'azin talauci ne, ana gaya wa ɗan masunci ya zauna a jirgin ubansa, 'ya'yan manya kuwa su tafi Ingila. Ƙorafin yana da ƙarfi, domin an sha amfani da addini a danne talaka. Amma ban ce kowa ya zauna ba. An ce wa Ibrahim ya bar ƙasarsa, masuntan nan huɗu ma sun bar tafki. Dokta Barau Dikko ya tashi daga Wusasa ya je Birmingham ya karanta aikin likita, ya zama likita na farko daga Arewa, ya dawo yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, ga asibiti nan a Kaduna da sunansa. John Tafida, shi ma na Wusasa, da alƙalami ya yi nasa, shi ne suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da har yanzu muke jarrabawa a kansa. Ɗan Wara da ke da kan lissafi ya tafi ya zama injiniya, zunubi ne ma ya binne wannan kai. Abin tambaya kawai shi ne wa zai ci amfanin tafiyar. In ya dawo ya zana jirgin da ba ya darewa, ko ya zauna a Legas yana biya wa yaran ƙauyensu kuɗin makaranta, ya amsa kira. In kuwa tafiyar ta ƙare a kan cewa ya daina jin harshen uwarsa, to, kainuwa ce iska ta kaɗa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke gabanmu mu ɗaliban harshe, kuma a nan ne ni kaina nake ganin amsar tawa tambayar. Masana sun sa wa wani reshe guda na harsunan Nijeriya sunan Kainji, a cikinsa akwai harshen Gungawa da harsunan Kambari da Dukanci da Dakarci. Shanganci kuwa daga wani gida dabam yake, dangin Busanci ne, asalinsa ɗaya da harsunan Mande na can yamma, yau kuwa 'yan ƙauyuka kaɗan ne suka riƙe shi, sauran Shangawa sun koma Hausa. Hausar nan da muke ƙauna muke karantawa ita ce ke haɗiye su, kuma majami'a tana da hannu a ciki, domin tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 da shi ake sujada a yawancin ƙauyukanmu. A Salka an yi aikin rubuta harsunan Kambari da fassara a cikinsu, abin a yaba ne, amma abin da ya rage ya fi wanda aka yi yawa.

Wanda yake ɗan shekara 20 sa'ad da ruwa ya zo a 1968, yanzu ya doshi 80. A kansa ne sunayen gungunan da suka nutse suke, da sunayen kifaye da harshen Reshe, da kalmomin noman albasa na kafin zuwan inji, da waƙoƙin da mata ke yi in jirage sun dawo. An koya mana yadda ake ɗaukar magana a rubuta ta da alamar karin sauti da tsawon wasali, wayar da ke aljihun kowannenmu kuma tana ɗaukar murya. Hutu mai zuwa, duk wanda ya fito Yawuri ko Ngaski ko Shanga, Musulmi ko Kirista, ya sami tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya ya zauna da su, ya kai musu goro, kada ya yi gaggawa. A fara da sunayen gungunan ɗaya bayan ɗaya, daga Yelwa a gangara kudu, da abin da ake nomawa a kowanne, da sunan garin tudun da aka kai mutanensa.